Taku Nawa Gwiwa Mai Ciwo Take Buƙata?

Idan likita ya tambayi mai amosanin gaɓɓai ko yana motsa jiki, amsar da ya fi ji ita ce, "Ai ni ba na zama." Ba ƙarya mutum yake yi ba. Wanda kowane taku yake zuwar masa da zafi, 'yar zirga-zirgar cikin gida ma gani yake ya yi tafiya. Shi ya sa masu bincike suka koma ɗaura wa mutane 'yar na'ura a ƙugu ko idon sawu, ta yi mako guda tana ƙirga motsinsu.

A binciken da Dorothy Dunlop ta Jami'ar Northwestern a Amurka ta jagoranta a 2011, an auna mutum fiye da 1,000 masu wannan ciwo a gwiwa. Maza kusan 13 cikin 100 ne kawai suka cika minti 150 na motsa jiki a mako, mata kuwa ba su kai 8 ba.

Mai ciwo yana tsoron kada tafiya ta ƙarasa cinye gwiwar, alhali zaman ne ke cutar ta. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma sai an taka an saki ruwan yake ratsa shi. Naman cinya da ke tallafe da gwiwa shi ma zama na raunana shi.

To nawa ake so? Wani binciken Amurka na 2014 ya bi mutum 1,788 masu ciwon ko masu haɗarin kamuwa da shi har shekara 2. Masu yin taku 6,000 a rana sun fi tsira daga nakasar tafiya, kuma kowane ƙarin taku 1,000 ya rage haɗarin da kashi 16 zuwa 18 cikin 100. Taku 10,000 da ake ta yayatawa kuwa, daga tallan wata na'urar Japan ya samo asali a shekarun 1960.

Sai dai na'urar ma ba ta ganin komai. Tuƙin keke da ɗaukar kaya ba sa shiga lissafinta yadda ya kamata, wayar hannu mai ƙirga taku da aka bari kan tabarma kuwa ba ta ƙirga ko taku ɗaya. Duk da haka, ka fara sanin adadin takunka na mako guda, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan gwiwa ta kumbura ko zafin ya kwana bai lafa ba, a rage, a ga likita.