Haɗa kindirmo don sayarwa: yaushe ya kamata ki zuba shi a gora?

Duk wadda ta fara sana'ar kindirmo ko yogot a gida, tambayar da ta fi yi ita ce awa nawa za ta bar shi kafin ta ɗura a gora. Wata ta ce mata shida, wata ta ce a bar shi ya kwana. Kowacce tana da gaskiyarta, domin a watan da ta gwada haka ya yi mata. A Dutse da kewaye, daren Janairu na iya saukowa ƙasa da digiri 15, ranar Afrilu kuwa ta haura 40. Nonon da ya buƙaci kwana guda a hunturu, a bazara kafin la'asar ya gama. Don haka 'yar'uwa, nonon za ki duba, agogo ɗan taimako ne kawai.

Abin da ke faruwa cikin tukunyar ba wani asiri ba ne. Irin da kika zuba, wato ɗan kindirmon jiya, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani. Su ke cin zaƙin da ke cikin madarar su mai da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa ta kama. Ƙwayoyin yogot sun fi son ɗumin digiri 42 zuwa 45, a nan awa huɗu zuwa shida ta ishe su. In ɗumin ya ragu aikinsu sai ya yi nawa, in ya yi yawa su mutu. Kuma ba sa tsayawa don nonon ya kama. Sanyi ne kaɗai ke taka masu birki.

Kafin a zo nan sai an dafa madarar. Ko daga ruga kika saro ta, ko a Shuwarin, ko ta shanunku ce ta gida, ki ɗora ta har ta kusa tafasa, ki bar ta a haka kamar minti goma kina juyawa. Wannan na kashe ƙwayoyin tarin fuka da bakkale da ɗanyar madara ke iya ɗaukowa, kuma yana sa kindirmon ya fi kauri. In za ki sa sukari, a nan za ki sa shi ya dahu tare, kamar gram 60 zuwa 80 a kowace lita. Ki sauke ta huce har ki iya ɗiga ta a bayan hannunki ki ji ɗumi ba ƙuna, sannan ki zuba iri cokali biyu na cin abinci a lita guda. Ki rufe, ki rabu da ita. In hunturu ne ki naɗe tukunyar da bargo ko ki saka ta cikin kula. In bazara ce ɗaki mai inuwa ya wadatar.

Daga awa huɗu ki fara leƙawa. Ki ɗan karkata tukunyar a hankali. In nonon ya motsa gaba ɗaya kamar kafaffen koko, ya rabu da jikin tukunyar, ya kama. Ki ɗebi kaɗan daga gefe da cokali mai tsabta: wurin da kika ɗiba ya kamata ya tsaya da raminsa, tsamin kuma ya kasance ɗan kaɗan, ƙasa da yadda kike so mai saye ya ji. Dalili kuwa, kafin sanyi ya ratsa tsakiyar tukunya zai ƙara tsami. Wadda ta jira sai ɗanɗano ya yi mata daidai, ta makara. In kin ga ruwa mai ɗan rawaya ya taso sama da yawa, lokacin saukewa ya wuce tun ɗazu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kaɗa shi da ɗuminsa a ɗura, a toshe gorar, a jera a tire. Ƙwayoyin na nan suna aiki a ciki. Zuwa yamma sai ki ga ruwa ya ware a sama, guda-guda a ƙasa, mai saye ya ce kin yi masa algus alhali ko ɗigon ruwa ba ki ƙara ba. Abin da ya dace, da zarar ya kama ki kai tukunyar firij ko ki tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara. Sai ya yi sanyi sosai za ki kaɗa a hankali, ki ɗura, ki mai da gorunan cikin sanyi nan take.

Kumburin gora kuma maganarsa daban. Ƙwayoyin yogot na gaskiya ba sa fitar da iska mai yawa. In gora ta kumbura ko ta yi tsit da aka buɗe, to wani abu ya shiga, galibi yis, irin wanda ke tayar da ƙullin burodi, ko ƙwayoyin ƙazanta. Yis na cin sukari ya fitar da iska har da ɗan barasa kaɗan. Yana shigowa ta tsohuwar gorar da ba ta wanku ba, ta sukari ko dabinon da aka ƙara bayan dahuwa, ko ta irin da aka yi ta juyawa mako da makonni. Irin wannan gorar kada ki sayar, kada ki ba yara. Ki sayi sababbin goruna, ribar da ake ganin ana ci a tsintattun ba ta kai asarar kwastoma ɗaya ba. Iri kuma bayan juyi huɗu ko biyar ki sabunta shi.

Wani lokacin kin yi komai daidai amma nonon ya ƙi kamawa har awa goma sha biyu. Ki tambayi mai shanun ko an yi wa saniyar allura a 'yan kwanakin. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar oksitetrasaikilin suna fita ta cikin nono su kashe irin. Madarar irin wannan saniyar ba ta sha ba ce har sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika.

Batun sanyi shi ne zai faɗa miki yawan da za ki haɗa. A firij mai sanyin ƙasa da digiri 5, kindirmo mai tsabta zai yi mako guda lafiya. Tukunyar nan ta cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana taimakon tumatir da alayyafo ƙwarai, amma sanyinta bai kai ya tsayar da tsamin nono ba. In ita ce ko ƙanƙarar saye kika dogara da su, ki haɗa abin da zai ƙare a yini guda. A bazara ki zuba iri da asuba, ki duba da hantsi, ki sanyaya da azahar, ki fitar da la'asar. A hunturu ki zuba bayan isha'i, ki duba da asuba.