Koyar da Kimiyya a Aikace a Makarantun Bakin Kogin Haɗeja

Koyar da kimiyya a aikace shi ne a bar yaro ya taɓa abu, ya auna, ya gwada, ya faɗi abin da idonsa ya gani, kafin malami ya gaya masa sunan abin. Ba baƙon ra'ayi ba ne a Arewa, domin a Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin kimiyyar firamare na Afirka. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara bayan dokar UBE ta 2004, ita ma a kan gwaji ta ɗora darasin, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Duk da haka, a azuzuwa da yawa malami rubutu yake yi a allo, yara su kwafa, su haddace. Uzurin da aka saba ji shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje.

A ƙasar Haɗeja wannan uzuri ba shi da ƙarfi. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke zuwa. Yaron da ya tashi a Auyo ko Kiri Kasamma ko Guri ya san cikar kogi da janyewarsa tun kafin ya iya rubuta sunansa, kuma a kan wannan sanin ya kamata darasi ya hau.

Darasin ƙasa ya fi kowanne sauƙi. A yanke gindin gorar roba uku, a ɗaure bakin kowace da tsumma, a kifa su a kan kofuna. Ta farko a cika ta da rairayin jigawa, ta biyu da baƙar lakar fadama, ta uku da ƙasar gona mai taki. A zuba wa kowace ruwa ludayi guda, yara su riƙa ƙirga lokaci. Rairayi zai saki ruwansa nan take, laka kuwa sai ta riƙe shi, ɗigo ɗaya yanzu, wani sai an jima. Daga nan ba sai an gaya wa ɗan aji huɗu dalilin da ya sa mahaifinsa ke shuka gero a tudu, shinkafa a fadama ba. Da bakinsa zai faɗa. Ɗan ƙaramar sakandare kuma zai iya danganta abin da ambaliya irin ta 2022, lokacin da ruwa ya daɗe kwance a gonaki.

Kicin ma ya isa. Ruwan zoɓo, idan aka matsa masa lemon tsami, ƙara ja yake yi; idan aka ɗiga masa ruwan kanwa sai ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Irin aikin da takardar gwajin asid ke yi ke nan, kuma yarinyar da ta gani a kofi ba za ta manta ba. Haka randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, yayin da yake bushewa, shi ke tafiya da zafi. A kan wannan Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta sa ƙaramar tukunya cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukwane biyu da ma'aunin zafi ɗaya sun wadatar da aji guda.

Sai halittun fadama: gaiwa da ke shigewa cikin laka ta jira damina, ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, da tsuntsayen da ke zuwa fadamar Baturiya daga Turai lokacin hunturu. A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Ba a tura yara su tsunduma cikin ruwan da ba ya gudu, saboda dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Malami ne zai ɗebo ruwan a kwalba ya rufe, yara su kalli tsutsotsin sauro suna rikiɗa a cikin 'yan kwanaki.

Abin da ke raba gwaji da wasa shi ne awo da rubutu. Kafin a fara, kowane rukuni ya faɗi abin da yake tsammani. Bayan an gama, ya rubuta abin da ya faru, ko da ya saɓa wa littafi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula, a ajiye a filin makaranta daga Yuni zuwa Satumba, za su koya wa yara tsara jadawalin ruwan sama fiye da dogon bayani. Kuma a bar su su fara bayani da Hausa, kalmar Turanci ta biyo baya.

Nauyin dai yana wuyan malami. Aji mai cunkoso sai an raba shi rukuni-rukuni, kowanne da jagora da mai rubutu, a tara kayan tun ana gobe, a haɗa darasi biyu a jere don lokaci ya isa. Malamin da bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba yakan ji tsoron kada abin ya ƙi a gaban yara, shi ya sa yake fakewa da allo. Don haka gyaran zai fara ne daga wuraren horo irin Kwalejin Ilimi ta Gumel da bitocin hukumar SUBEB ta Jigawa, inda ya kamata kowane malami ya yanka gorarsa, ya jiƙa zoɓonsa, ya ga sakamakon da idonsa kafin ya koma aji.