Abin da ya raba mutanen Hartum da Umdurman da asibiti a zamanin korona

Shirin lafiya na wannan mako ya leƙa ƙasar Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani suka daɗe da zama tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya.

Ranar 13 ga Maris, 2020 gwamnatin Sudan ta sanar da mutum na farko da korona ta kama, wani magidanci da ya dawo daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya rasu a Hartum kwana ɗaya kafin sanarwar. Ranar 18 ga Afrilu aka sa wa jihar Hartum dokar kulle, har da Umdurman da ke tsallaken kogin Nilu. Tun kafin kullen, jaridu suka ba da labarin mutane kusan 300 da suka gudu daga wuraren killacewa. Masu zanga-zangar adawa da gwamnati kuma suka fito titi suna cewa babu wata korona, kada a yaudare su. A cikin Afrilun ne rikici ya tashi a wani asibiti a Umdurman, don kawai an ji raɗe-raɗin za a kawo masu korona, har sai da 'yan sanda suka kama wasu. Dūkan likitoci ya yi yawa, suka ce za su ajiye aiki, sai a ƙarshen Mayu gwamnati ta yi dokar kare ma'aikatan lafiya.

To, me ya kawo haka? Dalilai uku ne suka taru.

Na farko, tabon hukuma. Shekara 30 Umar al-Bashir ya yi yana mulki kafin a tuɓe shi ranar 11 ga Afrilu, 2019. Ranar 3 ga Yunin wannan shekara jami'an tsaro suka tarwatsa masu zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja a Hartum, kwamitin likitocin ƙasar ya ce an kashe fiye da mutum 100. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok wata bakwai kacal take da shi lokacin da cutar ta shigo. Mutumin da ya saba jin rediyon gwamnati na faɗin abu ɗaya, idonsa na ganin wani, ba ya yarda cikin dare ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na biyu, halin asibitin kansa. Likitoci ba su da isassun kayan kariya, iskar oksijin ta yi ƙaranci, magani ya yi wuya a kantuna. Asibitoci da dama suka rufe ƙofa ko suka rage aiki. Mai ciwon suga, mai hawan jini da mace mai naƙuda sai su yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan. In mara lafiya ya cika a hanya ko a bakin ƙofa, dangi su huce a kan likitan da suka tarar. Ga kuma tsoron in an ce korona ce za a raba mutum da nasa, a hana dangi yi masa sutura yadda aka saba. Sai mutane suka gwammace jinya a gida da shayin ganye da hayaƙin bagaruwa.

Na uku, ciki. Tsadar kaya ta haura kashi 100 cikin 100 a tsakiyar 2020, ana layin burodi, ana layin mai. Ɗan dako a kasuwar Suk Libya ko dillali a karar Muwailih, babbar kasuwar dabbobi ta yammacin Umdurman, sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa. Ka ce masa ya zauna mako uku ba ka ba shi komai ba, ai gani zai yi cutar ta masu ƙoshi ce.

Duk waɗannan dalilai ne na gaske. Amma ƙwayar cuta ba ruwanta da wanda ke kan mulki. Masana na jami'ar Imperial da ke Landan, tare da abokan aikinsu 'yan Sudan, sun ƙiyasta cewa kashi 2 cikin 100 kawai na waɗanda korona ta kashe a Hartum ne suka shiga lissafin hukuma, wato wajen mutum 16,000 sun tafi ba a ƙirga su ba kafin ƙarshen Nuwamban 2020. Wani binciken jini da aka yi gida-gida a Umdurman a 2021 ya nuna fiye da rabin mutanen garin cutar ta riga ta bi ta jikinsu, kuma mutuwar dattawa ta ƙaru sosai.

Ku lura da yadda abin ke zagayawa. Mutane sun ƙi zuwa gwaji, sai adadin da hukuma ke faɗa ya zama kaɗan. Da suka ji adadin kaɗan ne, sai suka ce ka gani, dama ƙarya ce. Aka ci gaba da cinkoso a zaman makoki, tsofaffi suna ta tafiya, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko tsufa. Mu ma a nan mun ga irinsa. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa gawa ta yi yawa, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mutum 979 da aka bincika rasuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona.

Malam makiyayi, kada ka ce wannan zancen 'yan birni ne. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a yankunan Farin Nilu, Sinnar da Jazira, ya kashe fiye da mutum 200. Cuta ce da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi bayan ruwa mai yawa. Alamarta a garke ita ce tumaki da awaki su yi ta ɓari a lokaci guda, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Mutum yana ɗauka wajen yanka, fiɗa, taɓa abin da aka yi ɓarinsa, ko shan nonon da ba a dafa ba. A waccan shekara sai da mutane suka fara kwanciya kafin a tabbatar da ita a dabbobi. Ta sake dawowa a 2019, Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin Sudan na tsawon watanni. Wanda ya ɓoye ɓarin garkensa don tsoron kada a hana shi kara, shi da wanda bai ɓoye ba duk asara ɗaya suka kwasa.

Ga abin da shirin ya tsayar. Hukuma ce ke da babban kaso: ta faɗi gaskiyar adadi, ta ajiye magani da kayan aiki, ta ba wanda ta kulle abinci, ta shigo da malamai cikin maganar sutura. A Hartum an ga yadda mutane suka fi sauraron matasan kwamitocin unguwanni, waɗanda suka riƙa tsara rabon burodi da iskar gas, saboda 'ya'yansu ne, sun san su. A wajenmu wannan matsayi na ardo ne, da sarkin kasuwa, da sarkin fawa, da liman.

Kai kuma naka kason, in ba ka yarda da sanarwar gwamnati ba, to yarda da idonka. In jana'iza ta yawaita a unguwa cikin mako guda, ko dabbobi biyar, goma sun yi ɓari a jere, akwai magana. Sanar da ardo da malamin dabbobi tun da wuri. Kada a yanka dabbar da ke ciwo a kai kasuwa. A dafa nono, a binne abin ɓari ba tare da taɓa shi da hannu tsirara ba. Dattijon da zazzaɓi ya haɗe masa da sarƙewar numfashi, a kai shi asibiti tun yana iya tafiya da ƙafarsa, domin wasu daga cikin waɗanda ake cewa asibiti ya kashe, a makare aka kai su. Fatake kuma, wanda jikinsa ya yi zafi a hanya ya dakata a zango, kada ya kai wa iyalinsa tsarabar da ba su aike shi ba.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya ba mutanen Sudan lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.