Adireshin intanet: ba saye ake yi ba, amana ce bisa kwangila

Duk wayar salula ko kwamfutar da ta hau intanet tana bukatar lamba da ake kira adireshin IP. Kamfanonin sadarwa na Nijar, Cadi, Kamaru da sauran ƙasashen Afirka suna samun waɗannan lambobi ne daga AFRINIC, hukumar rajista mai mazauni a tsibirin Moris, wadda ta samu cikakkiyar amincewa a shekarar 2005. Ita ce ɗaya daga cikin hukumomi biyar da suka raba duniya a tsakaninsu.

Kamfanin da ke son adireshi sai ya zama mamba, ya nuna ainihin bukatarsa, sannan ya sa hannu kan yarjejeniyar rajista. Zai biya kuɗin karɓa sau ɗaya, sai kuma kuɗin mamba na kowace shekara da dalar Amurka, gwargwadon yawan lambobin da ke hannunsa. Wannan kuɗi ba farashin lambobin ba ne, ladan kula da rajista ne. A bisa yarjejeniyar, lambobin ba su zama mallakar kamfani ba. Idan ya daina biya ko ya saɓa sharuɗɗa, hukumar na iya karɓe su.

Rigima ta taso ne saboda ƙarancin lambobin. Tsohon tsari, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai ya ƙunsa, kuma babban rumbun duniya ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Tun daga 2020 AFRINIC ba ta bai wa mai nema fiye da 1,024 a lokaci guda. A kasuwar duniya kuwa, adireshi ɗaya ya kai kusan dala 50 a 2021. Wanda ya karɓi miliyoyi da ɗan kuɗin rajista ya wayi gari da dukiya mai yawa.

Haka ta faru da kamfanin Cloud Innovation mai rajista a Seychelles, wanda ya karɓi sama da adireshi miliyan 6. A 2021 AFRINIC ta nemi karɓe su, tana zargin an saɓa yarjejeniya, kamfanin kuma ya musanta ya garzaya kotu. Kotun Moris ta rufe asusun bankin hukumar na wasu watanni a waccan shekara, a 2023 kuma aka naɗa mata mai riƙon ƙwarya. Sai a Satumban 2025 aka zaɓi sabon kwamitin gudanarwa.

Idan rajista ta yi tsaiko, ƙaramin kamfani a Yamai ko Maradi ne ke jin jiki: ko ya jira, ko ya yi hayar lambobi da tsada, kuɗin kuma ya koma kan mai sayen data. Mafita mai ɗorewa ita ce komawa sabon tsari, IPv6, wanda lambobinsa ke da yawan da ba a fargabar ƙarewarsu.