Hedifon Mara Igiya a Wasan Kwamfuta: Ribar da Aka Ci da Kuɗin da Ake Biya

A wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant, wanda ya riga jin takun abokin gaba a bayan bango shi ke riga harbi. Saboda haka aka daɗe masu wasan gaske ba sa kallon hedifon mara igiya da daraja, domin sautinsa yana makara. Yau kuwa manyan kayan da Logitech da Razer da SteelSeries da HyperX ke tallatawa yawancinsu ba su da igiya. Sauyin bai faɗo daga sama ba.

A 2016 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da ramin soka iyafis ba, ya biyo da AirPods a ƙarshen shekarar, wasu kamfanonin waya suka bi sahu. Jama'a suka saba da kunne sake, har igiya ta koma abin takura. Manhajar Discord, wadda ta fito a 2015, ta mai da wasa zaman hira, sannan kullen korona na 2020 ya tsare mutane a ɗaki suna wasa da karatu da taron ofis da hedifon guda. Mai zaman awa biyar yana son ya tashi ya sha ruwa ba tare da ya yanke hira ba.

Amma babban dalilin na fasaha ne, kuma a nan masu saye suka fi ruɗewa. Hedifon mara igiya iri biyu ne. Akwai mai amfani da Bluetooth, fasahar da aka faro a kamfanin Ericsson na Suwidin a shekarun 1990 don haɗa ƙananan na'urori, ba don wasa ba. Kafin sauti ya iso kunne sai an matse shi, an aika, an tara, an warware, abin da kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Mai kallon fim ba ya lura, don manhaja kan jinkirta hoton ya dace da sautin. Wasa ba ya jiran kowa. A allon da ke nuna hoto 60 cikin daƙiƙa, wannan jinkiri ya kai hoto goma sha biyu: ka ga wutar bindiga, ƙararta ta zo daga baya. Akwai kuma matsala ta biyu. Da zarar an kunna makirfo, Bluetooth na gargajiya yakan koma tsarin kiran waya, sautin ya dushe, dama da hagu su haɗe, mai wasa ya kasa gane ta ina hari ke zuwa.

Iri na biyu yana zuwa da ɗan tsinken da ake sokawa a ramin USB, yana aika sauti ta zangon 2.4 GHz da tsarin kamfanin da ya ƙera shi. Jinkirinsa kaɗan ne ƙwarai, yawancin mutane ba sa iya bambanta shi da mai igiya, kuma makirfo ba ya ɓata sautin. Wannan ne ya buɗe kasuwar. Masu ƙera na'urorin wasa sun san haka sarai: PlayStation 5 ba ta karɓar hedifon Bluetooth kai tsaye, hedifonta Pulse 3D da tsinken USB yake aiki, Nintendo Switch kuwa sai a Satumba 2021 ta amince da sautin Bluetooth, shi ma ban da makirfo. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 ya rage jinkirin, sai dai dole kwamfutar da hedifon duka su iya shi.

A ganina an ci yaƙin jinkiri, amma an sayo wata matsalar. Hedifon mai igiya mai kyau yakan yi shekara goma ana mora. Mara igiya kuwa ransa na rataye da batir, batirin lithiyum kuma yana rauni bayan caji ɗaruruwa. Idan an manne shi a ciki, ranar da ya mutu lafiyayyen kaya ya zama shara, a duniyar da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022. Wasu kamfanoni sun yi abin kirki: Arctis Nova Pro Wireless na SteelSeries yana da batir biyu da ake musanyawa, HyperX kuma ta ce Cloud Alpha Wireless yana kai awa 300 a caji ɗaya. Duka biyun a 2022 suka fito, kuma ba araha gare su ba. Ga matashin Kano ko Zinder da ke jiran a kawo wuta, kowane sabon abin caji ƙarin ɗawainiya ne, wasu abubuwan da ake sayar masa da sunan kayan wasa kuma Bluetooth ne zalla a cikin kwali mai ƙyalli.

Abin da ya fi damuna shi ne kunnen kansa. Igiya takan tilasta a cire hedifon idan za a tashi. Yanzu yana kan mutum daga ɗaki zuwa kicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron ƙara, ta kuma ɗauki desibel 80 na awa 40 a mako a matsayin iyaka ga manya. Mai wasa yakan ƙure murya don ya ji taku, sai ƙarar gurneti ta faɗa masa a kunne a wannan ma'aunin. A Maris 2025 hukumar, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ta fitar da ƙa'idar sauraro ta musamman don wasannin bidiyo. Jijiyoyin ji da suka mutu ba sa sake tsirowa.

Don haka, kafin ka biya, tambayi mai shago ko akwai tsinken USB a cikin kwalin, kuma ko ana iya sauya batir. Idan kuɗinka bai kai na irin wannan ba, sayi mai igiya. Iyaye kuma, idan kuna jin sautin wasan yaro daga inda kuke zaune, ku sa ya rage.