Tsibirin Bin Ghannam da Halittun Gaɓar Tekun Katar

Birnin Al-Rayyan, wanda ke manne da Doha ta yamma, ba ya bakin teku, don haka mazauninsa da ke son ganin halittun ruwa a inda suke rayuwa sai ya nufi arewa, tafiyar kamar awa guda a mota, zuwa yankin Al-Khor, inda wani ƙaramin tsibiri mai suna Bin Ghannam yake cikin wani lungu na Tekun Fasha. Ana shiga tsibirin ne da ƙafa, ta wata siririyar hanya da ta haɗa shi da tudu, wadda aka bar mata giɓi a wasu wurare domin kada a toshe wa ruwa hanyarsa.

Abin da ke tsara tafiyar baki ɗaya shi ne cikar teku da janyewarta, wato hawa da saukar ruwa da jan wata da na rana ke haddasawa. Idan ruwa ya ja baya, sai laka mai faɗi ta bayyana, ƙaguwoyi su fito daga ramukansu, dodon koɗi ya bar sawunsa, zalɓe kuma ya tsaya cak a ƙananan tafkunan da suka rage yana dakon kifayen da suka maƙale. Wanda ya zo da tsammanin manyan dabbobi zai iya komawa da ƙorafi, amma laifin na tsammaninsa ne, domin arzikin wannan gaɓa yana cikin lakar da yake takawa.

Ginshiƙin wannan rayuwa shi ne itacen da Larabawa ke kira ƙurm, masana kuma Avicennia marina, wanda yake tsirowa cikin ruwan da gishirinsa ya zarce na yawancin tekunan duniya, saboda Tekun Fasha ba shi da zurfi sosai kuma zafin rana yana ƙafar da ruwansa. Itacen yana fitar da gishirin da ya sha ta ganyensa, har a ga farin ɓurɓushi a kansu. Tun da kuma lakar ba ta da isasshiyar iska, sai saiwoyinsa su turo tsinkaye masu yawa zuwa sama domin su yi numfashi. A tsakanin waɗannan tsinkaye ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke fakewa har su yi ƙwari, kuma tsinkayen ne farkon abin da ƙafar mai yawo marar lura ke karyawa. Da sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, filamingo, tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ja-jan fukafukai, kan sauka a nan, kuma wannan ne lokacin da tafiya ke yiwuwa cikin sauƙi, domin zafin bazara yana haura digiri 40.

Tsibirin yana da tarihin da ya rataya a kan halitta ɗaya. A farkon shekarun 1980 wata tawagar masu binciken kufai daga Faransa ta tono tarin fasassun ɓawon wani dodon koɗi na teku da ya kusan kai miliyan 3, shaidar cewa fiye da shekara 3,000 da suka wuce, a zamanin da Kassiyawa ke mulkin Babila, ana tatsar rini mai launin shunayya a wurin. Sana'a ce irin ta karofin Ƙofar Mata a Kano, sai dai a maimakon ganyen baba, ɗan ɗigon ruwa ne daga jikin kowace dabba, shi ya sa tufafin wannan launi ya zama na sarakuna.

Manyan halittun Katar kuwa suna wasu wurare. Kunkurun teku mai baki irin na shaho yana hawa yashin Fuwairit, can arewa, domin yin ƙwai tsakanin Afrilu da Yuli, kuma hukuma tana rufe gaɓar a lokacin. Dugon, ɗan uwan ayu na kogin Neja da Binuwai, yana kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa tsakanin Katar da Bahrain, kuma in aka cire Ostireliya babu inda ya fi yawa kamar Tekun Fasha, amma ganinsa sai an shiga kwalekwale.