Lasifika da Amfilifaya Mai Bawul: Me Ya Sa Wat 8 Ke Iya Kamo Wat 128?

A garuruwa irin su Kanya ta ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi, ba a rasa lasifika mai bakin mazurari a kan soron masallaci, ko a harabar coci, ko a bayan babur ɗin mai tallar magani ranar kasuwa. Da batir ɗaya tak muryar mutum za ta ratsa unguwa guda. Amma a cikin gida sai ka tarar da ƙaton akwatin sauti wanda aka rubuta masa wat 2000 a goshi, alhali da ƙyar yake cika zaure. Mene ne sirrin wannan bambanci? Amsar tana cikin wani abu da masana kimiyyar sauti ke kira kaifin lasifika, wato yawan amon da take fitarwa daga ɗan lantarkin da aka ba ta.

Yadda lasifika ke aiki

A cikin lasifika akwai maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar waya, da takarda mai siffar malfa. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, sai ta riƙa kai da komo a tsakiyar maganaɗisun, ta girgiza takardar, ita kuma takardar ta girgiza iska. Wannan girgizar ita ce kunne ke ji. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau shi ake bi.

Sai dai akasarin lasifikokin gida tamkar rariya suke. Daga cikin kashi 100 na lantarkin da ya shige su, abin da ke zama sauti ba ya kai kashi 1. Saura duk zafi yake zama. Dalili kuwa shi ne iska ba ta da nauyi, takardar ba ta samun abin turawa sosai. Mazurarin da ake ɗora wa lasifikar masallaci yana tattara iskar a maƙogwaro siriri, sa'an nan ya buɗe a hankali, kamar dai yadda bakin kakaki ko na algaita yake. Ta haka ƙarfin da ke isa ga iska ke ƙaruwa ninkin ba ninkin.

Awon kaifi

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Don a san kaifin lasifika, sai a ba ta wat 1, a auna amonta daga nisan mita 1. Yawancin lasifikokin gida suna ba da desibel 85 zuwa 88. Masu kaifi kuwa suna kai 95 zuwa 105. Alal misali, Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na Amurka a 1946, tana ba da kimanin desibel 105.

Ga ƙa'idar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: duk lokacin da aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa. Bari mu gwada lissafi. A ce muna da lasifika biyu, ta farko mai desibel 87, ta biyu mai 99. Tazararsu 12 ce, wato 3 sau 4. Ke nan sai an ninka wat har sau huɗu a jere: 2, 4, 8, 16. Ma'ana, ta farkon tana bukatar lantarki ninki 16 kafin ta kamo ta biyu. Idan aka ba ta biyu wat 8 za ta kai desibel 108, ita kuwa ta farko sai ta sha wat 128 kafin ta isa nan. Ashe dabara ta fi ƙarfi.

Ina ruwan bawul a ciki?

Amfilifaya ita ce na'urar da ke ƙarfafa raunannen lantarkin da ya fito daga makirfo ko rediyo kafin ya isa lasifika. Kafin zuwan taransista, bawul ne ke wannan aiki. Shi bawul wata kwalba ce da aka zuƙe wa iska, mai kama da ƙwan fitila. A cikinta akwai zaren ƙarfe da ake zafafawa har ya saki ƙwayoyin lantarki, da wata 'yar raga da ke sarrafa wucewarsu. John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙirƙiro na farko a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa ragar a 1906. Dattawan da suka saurari Rediyon Kaduna tun kafuwarsa a 1962 za su iya tuna manyan akwatunan rediyo waɗanda sai sun yi ɗumi kafin su yi magana. To, zaren nan ne ake jira ya yi zafi.

Bawul ba ya ba da wat mai yawa cikin sauƙi. Sanannen bawul ɗin nan 300B, wanda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, idan shi kaɗai ne yana ba da kamar wat 8. Saboda haka dole injiniyoyin wancan zamani suka ƙera lasifikoki masu kaifi, musamman don gidajen silima. Bayan da aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan bincike na Bell a 1947, wat ya yi ta araha. A 1954 kuma Edgar Villchur ya fito da ƙaramin akwati rufaffe mai fitar da kakkauran amo, amma mai cin lantarki. Tun daga nan masu ƙera kaya suka karkata ga ƙananan akwatuna.

A nan akwai wata doka da ba ta da makawa. Abubuwa uku ake so ga lasifika: ƙanƙanta, da kaifi, da kakkauran amo irin na ganga. Biyu kawai ake iya haɗawa. Lasifikar masallaci ta ɗauki kaifi da ƙanƙanta, shi ya sa take fitar da murya tangaran amma kiɗan ganga ya fito kamar ana buga gwangwani. Klipschorn ta ɗauki kaifi da kauri, sai ta zama ƙatuwa, har sai an jingina ta a kusurwar ɗaki.

Abin dubawa kafin saye

Har yanzu akwai masu sha'awar amon bawul, domin idan ya kai iyakarsa a hankali yake ɓata sauti, ba da tsawa ba. Mai son haɗa irin wannan amfilifaya da lasifika sai ya kula da abu huɗu. Na ɗaya, kaifi: ga wat 8 ko ƙasa da haka, a nemi desibel 95 zuwa sama. Na biyu, a daidaita lambar om ta lasifika, 4 ko 8 ko 16, da mahaɗin da ke bayan amfilifaya, kuma kada a kunna ta ba tare da lasifika ba, don taransifomarta na iya ƙonewa. Na uku, lasifika mai kaifi ba ta rufa asiri: duk wani gurnani ko huci da ke cikin amfilifaya sai ta bayyana shi. Na huɗu, a cikin akwatin bawul akwai lantarki mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500, wanda kan saura ko bayan an kashe. Ba wurin sa hannun ɗan koyo ba ne.

Shi kansa bawul ɗin maci lantarki ne. Zaren 300B kaɗai yana shan wat 6 tun kafin a ji ko tari. Don haka ga gida ko makarantar da ta dogara da batir da faifan sola, abin da ya fi dacewa shi ne lasifika mai kaifi haɗe da ƙaramar amfilifaya ta taransista. Batir zai daɗe, kuɗin man janareta ya ragu. Kada kuma a ruɗu da manyan lambobin da ake bi da haruffan PMPO. Lambar da ke tare da RMS ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Gwaji a aji

Malami na iya samo lasifika biyu mabambanta, ya jona su ɗaya bayan ɗaya ga rediyo guda ba tare da taɓa maɓallin ƙara ba. Ɗalibai su auna amon daga mita 1 da manhajar awon sauti ta wayar salula, sa'an nan daga mita 2 a fili. Za su ga an ragu da kimanin desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninku. A tunatar da su kuma cewa masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar awa 8 a rana ga amo mai desibel 85, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Lasifika in ta ƙone ana sake naɗa wayarta a kasuwa, amma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa.